Tsibirin Dutse a Tenere da Hukuncin Ƙasar da Babu Mazauni

Gabas da duwatsun Abzin, inda tuddan rairayin Tenere suke ƙarewa, akwai wani curin baƙaƙen duwatsu da ake kira Adrar Chiriet, wanda yashi ya kewaye shi ta kowace fuska har ya zame tsibiri, ba gari, ba gona, sai ƴan itatuwan ƙaya a bakin kwazazzabai, da barewa, da yanyawa mai fitowa bayan faɗuwar rana. Wurare irin wannan su ne malaman fiƙihu suka yi wa babi na raya matacciyar ƙasa, inda Malikiyya suka hukunta cewa wanda ya haƙa rijiya, ko ya yi gini, ko ya dasa itace a fili mai nisa da gari, ya mallake shi ko da bai nemi izinin shugaba ba. Amma ma'adinai, sai suka mayar da al'amarinsu hannun shugaba.

Wannan mas'ala ta fito daga littafi ta shiga kasuwa a shekarar 2014, lokacin da aka ga zinariya a Tchibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya, dubban mutane suka kwararo daga Agadas da Arlit da Damagaram, har da Cadi da Sudan, suka kafa rumfuna a inda a da sai ayari yake ratsawa. Ba a zargin talaka da neman halaliyarsa, balle bayan an rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a Akokan a 2021. Sai dai a ganina ramin da ake shigo masa da ruwan sha cikin tanka daga nesa, a kuma yi ƙaura a bar shi ranar da jijiyar zinariya ta yanke, bai cika sharaɗin rayawa ba, domin rayawa tana barin ƙasa da amfanin da ba ta da shi a da.

Ban da raya ƙasa, Shari'a ta san keɓe fili, tun da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, ko da yake duka biyun maslahar mutane aka duba. Gandun Abzin da Tenere kuwa, wanda hukumar Nijar ta kafa a 1988 bisa fiye da murabba'in kilomita 77,000, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, domin dabbobin kansu aka yi shi, kuma a nan ne wasu suke turjiya. Hujjar da ta fi ƙarfi a kansu tana cikin Suratul An'am, inda aka ambaci dabbobi da tsuntsaye da cewa al'ummomi ne kamarmu; in kuwa haka ne, dajin da jimina ta ƙare a cikinsa saboda farauta da mota, an raba wata al'umma da mazauninta ke nan, ko da alƙali ba zai taɓa jin ƙararta ba.