Kama da Wane Ba Ta Wane

A ƙasar Amurka akwai wani rukuni na masu sha'awar bindiga waɗanda al'amarinsu ya cancanci a tsaya a yi tunani a kansa. Cikinsu akwai ma'aikatan ofis, da ƴan kasuwa, da tsofaffin sojoji. Abin da suke yi shi ne, mutum ya zaɓi wata gajerar bindiga da wata runduna ta riƙe a wani yaƙi, ya tattara hotunanta, sa'an nan ya riƙa sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya, har ya haɗa wadda ta yi kama da ita kamar an tsaga kara. Wani yakan yi shekaru yana neman ƙota ko madubin saiti na ainihin zamanin, ya biya kuɗin da zai saya masa sabuwar bindiga sukutum. Waɗanda suka fi ƙauna su ne irin XM177 da sojojin Amurka na musamman suka riƙe a yaƙin Biyetnam, da Mk 18 ta mayaƙan ruwansu, mai bututu na kimanin santimita 26, da kuma AKS-74U ta Tarayyar Sobiyet, wadda suke yi wa laƙabi da Krinkov, mai bututu na kimanin santimita 21 kacal.

Tambayar da wannan sha'awa ta jefo mana tsohuwa ce, ko da yake kayan sababbi ne. Shin ya dace mai hankali ya ƙaunaci abin da aka ƙera domin kisa, ya goge shi, ya rataye shi a bango, ya yi alfahari da shi? In kuwa ya dace, wane bashi ne wannan ƙauna ta ɗora masa?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san yadda gajartar bututu ta zama abin magana. A shekarar 1934, bayan ƴan ta'addan biranen Amurka sun addabi jama'a, musamman tun kisan mutum bakwai da aka yi a Shikago cikin Fabrairun 1929, majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta wajabta rajista da harajin dala 200 a kan wasu makamai. Da farko an so a sa ƙananan bindigogin hannu cikin dokar, shi ya sa aka haɗa da dogayen da aka gajarta, don kada mutum ya yanke bututu ya mai da doguwa ta zama ta ɓoyewa cikin riga. Daga baya aka cire ƙananan bindigogin hannu daga cikin dokar, amma aka bar gajerun. Ma'aunin da ake bi shi ne inci 16, wato kimanin santimita 40: abin da ya gaza haka sai da rajista, wanda kuwa ya mallaka ba rajista yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara goma. Dala 200 ta wancan zamani ta fi dala 4,000 a kuɗin yau, saboda haka gajerar bindiga ta daɗe tana hannun masu hali. Wata doka ta 2025 ta mai da harajin sifiri daga farkon 2026. Ita kuwa dokar 1986 ta hana farar hula mallakar sababbin bindigogi masu ɓarin wuta, don haka kwaikwayon da suke haɗawa harsashi ɗaya yake fitarwa a kowane jan kunama. Wahalar samu ita ta ƙara wa abin daraja a idon masu shi, kamar yadda takan yi ga kowane abin tarawa.

Mai tara bindiga yana da hujja, kuma adalci ne a saurare shi. Zai ce ƙarfe ba shi da niyya. Zai ce shi ya kai kansa ga hukuma, ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa, ya jira izini, abin da ɗan fashi ba ya yi. Zai nuna cewa ƙididdigar hukumar FBI ta kowace shekara tana bayyana cewa ƙananan bindigogin hannu ne aka fi kisa da su a Amurka, nesa ba kusa ba. Zai ƙara da cewa abin da yake so shi ne gwanintar maƙeri da tarihin mazaje. Mu kuma ba mu da bakin yi masa dariya. Gidaje nawa ne a ƙasar Hausa aka adana takobin kaka cikin kube, ana fito da shi ranar salla? Mutanen Damagaram har gobe suna alfahari da igwar da aka zuba a Zinder zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, kuma ƙarar bindigogin ƴan bindigar fada a hawan salla ba ta sa kowa gudu, sai dai guɗa. Son makami mai kyau tsohon hali ne na ɗan Adam, kuma ni ban ga laifi a cikin son kansa ba.

Sai dai akwai wani abu a cikin kwaikwayo wanda babu shi a cikin gado. Mai takobin kakansa ya gaji abin tare da labarinsa, mai daɗi da marar daɗi. Ya san wa aka sara da shi, wataƙila ma jikokin wanda aka sara suna unguwa ɗaya da shi. Mai haɗa kwaikwayo kuwa shi ya zaɓi labarin da kansa. Bindigar da ya haɗa ba ta taɓa zuwa Biyetnam ba, ba ta taɓa shaƙar ƙurar Afganistan ba. Ƙarfenta sabo ne, labarinta aro ne. Ashe abin da yake tarawa a haƙiƙa labari ne wanda aka ba shi siffar ƙarfe. Idan kuwa haka ne, to da ma'aunin labari za a auna shi, kuma ma'aunin labari shi ne cikarsa.

Mu ɗauki misali guda. Ranar 3 ga Oktoba 1993, a birnin Magadishu na Somaliya, an harbo jiragen Amurka biyu masu saukar ungulu. Sojoji biyu, Gary Gordon da Randy Shughart, suka roƙi a sauke su kusa da jirgi na biyu don su kare waɗanda ke ciki, alhali sun san taimako yana nesa. Dukansu biyu sun mutu a wurin, matuƙin jirgin ya rayu, ƙasarsu kuma ta ba su lambar girma mafi daraja da take da ita. Bayan fim ɗin da aka yi kan wannan yaƙi a 2001, bindigar Gordon ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kwaikwayo. Ana muhawara mai zafi kan tsawon bututunta, da irin tocilar da ya ɗaura mata, da launin fentinta. Jaruntar mutanen nan biyu gaskiya ce, babu mai musunta ta. Amma a wannan yaƙi, da sojan Amurka 18 suka mutu, Somaliyawa ɗaruruwa ne suka mutu, cikinsu har da mata da yara waɗanda wuta ta rutsa da su a gidajensu. Mai kwaikwayo ya san lambar kowace ƙusa, bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A nan ne nake ganin matsalar take. Bindiga tana da ɓangare biyu, akwai ƙota, akwai baki. Duk wanda ya taɓa zama a wani gefe ya san cewa duniyar da ake gani daga bayan ƙota dabam take da wadda ake gani daga gaban baki. Daga baya ana ganin nauyi da daidaito da kyan ƙira. Daga gaba rami ne baƙi kurum. Mai kwaikwayo yana da amana mai ban mamaki ga ɓangaren ƙota, ba ya yarda da kuskuren ko milimita ɗaya, amma amanarsa takan tsaya daidai inda bututu ya ƙare. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Rabin labari kuwa, idan aka yi ta maimaita shi da ƙwarewa, yakan fi ƙarya illa, domin babu inda za a kama shi a ce ga ƙaryar.

Krinkov ma haka take. An ƙera ta ne a ƙarshen shekarun 1970 domin waɗanda doguwar bindiga ke yi wa cikas, irin su masu tuƙa tankokin yaƙi da motocin sulke. A yaƙin Afganistan na 1979 zuwa 1989, mujahidin da ya riƙe ta yana nuna wa kowa cewa daga hannun abokin gaba ya ƙwato ta, saboda haka ta zama alamar girma. Ita ce Usama bin Laden ya riƙa jinginawa kusa da shi a hotunansa. To wane labari ne cikin waɗannan mai haɗa ta a Amurka yake ratayewa a bangonsa? Na yaron Rasha da ya ƙone cikin tanka, ko na ƙauyen da aka rusa, ko na mai hoton? Idan ya ce ba ko ɗaya, siffar kawai yake so, to ya yarda ke nan cewa ya tsame abin daga jinin da ya ba shi suna, alhali sunan ne ya biya wa kuɗi.

Akwai kuma bambanci na biyu tsakanin wannan da sauran tare-tare. Kwafin zanen hoto ba zanen ba ne, kuɗin jabu ba kuɗi ba ne, amma kwafin bindiga bindiga ce. Karin maganar da ke cewa kama da wane ba ta wane ta yi gaskiya ta fuskar tarihi, ta fuskar kisa kuwa ba ta yi ba. Maƙeran garin Darra Adam Khel na Pakistan sun daɗe suna kwaikwayon bindigogin duniya da hannu, kuma harsashin da ya fito daga nasu ba ya tambayar asali. Abin da aka rataye domin ado yana nan da ransa, yana jiran yatsa. A 2021 mutum fiye da 48,000 ne bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka kashe kansu. Wannan adadi yana koya mana cewa hatsarin makami sau da yawa ba daga waje yake shigowa ba. Mutumin da ya cika takardun rajista cikin natsuwa yana iya wayar gari wata rana cikin baƙin cikin da bai taɓa zato ba, ko ɗansa, ko baƙonsa.

Sa'an nan ƙarfe ya fi niyyar mai shi tsawon rai. Mai tarawa zai mutu, bindigarsa ba za ta bi shi kabari ba. Za ta koma hannun magaji, ko mai saye, ko ɓarawo. Mu mutanen Sahel mun ga wannan darasi da idonmu, ko da yake a kan rumbunan gwamnati ne. Makaman da Gaddafi ya tara shekara da shekaru, da mulkinsa ya faɗi a 2011, sun bi hamada sun watsu, arewacin Mali ta fara ɗanɗana su a 2012. Manomin Madarunfa ko Gidan Rumji da aka kore wa shanu cikin dare ba ya ganin kyan ƙira a jikin Kalashnikov. Ikon kallon bindiga a matsayin ado wata ni'ima ce da zaman lafiya ke bayarwa, kuma wanda ya same ta ya kamata ya san cewa ba shi ya ƙirƙire ta ba, ba kuma kowa ke da ita ba.

Shi kansa Mikhail Kalashnikov bai tsira daga wannan tambaya ba. Kafin rasuwarsa a Disamban 2013, ya rubuta wa shugaban cocin Otodoks na Rasha wasiƙa, wadda jaridar Izvestia ta buga a Janairun 2014, yana tambaya ko alhakin rayukan da bindigarsa ta ɗauka yana wuyansa. Mutum ne da ya yi shekaru yana cewa domin kare ƙasarsa ya ƙera ta, kuma gaskiya ya faɗa. Duk da haka, da tsufa ya zo, ɓangaren baki ya tsaya masa a rai. Idan maƙerin asali bai ga kansa ya fi ƙarfin wannan damuwa ba, da wace hujja mai kwaikwayo zai ce shi ba ta shafe shi ba?

Abin da nake gani shi ne, ba a ce wa mai tara bindiga ya daina sha'awarsa ba, amma ana binsa bashi biyu. Na farko bashin tunawa: ya san labarin abin da ya kwaikwaya har ƙarshensa, ya ba waɗanda suka tsaya gaban baki irin kulawar da yake ba ƙusoshi, ya kuma faɗa wa ɗansa duka biyun. Na biyu bashin amana: ya kulle, ya raba makami da harsashi, ya yi tunanin hannun da abin zai faɗa bayansa, ya kuma iya rabuwa da shi ranar da ya ga gidansa ba ya cikin natsuwa. Wanda ya kasa rabuwa da abin da ya mallaka a ranar da ya kamata, abin ne ya mallake shi. Ƙasar nan ta taɓa nuna cewa ana iyawa: ranar 25 ga Satumba 2000, a Agadas, an tara makamai fiye da dubu na tsofaffin ƴan tawaye aka cinna musu wuta a bainar jama'a, kuma cikin masu kallo akwai waɗanda suka yi shekaru suna kwana da waɗannan bindigogi a ƙarƙashin kai.

An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya dafe tsininsu da hannunsa, don kada ya ji wa wani rauni. Bai hana shi riƙe kibau ba, bai kuma tuhumi niyyarsa ba. Ya dai juya hankalinsa daga inda yake riƙe zuwa inda ke fuskantar mutane. Wannan ladabi ya ishi maharbin da, ya kuma ishi mai haɗa Mk 18 a yau. Allah Ya ba mu zaman lafiyar da za ta mai da kowace bindiga abin kallo kawai.