Wa Ke da Alhakin Jirgin Jidda?

'Yan'uwa, manya daga cikinmu ba su manta da ranar Alhamis, 11 ga Yuli, 1991 ba. A safiyar ranar, wani jirgi ƙirar DC-8, wanda kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ɗauke da alhazai masu komawa gida. Bayan kamar minti goma ya faɗi yana ci da wuta, saura ƙasa da kilomita 3 ya kai titin da yake ƙoƙarin komawa. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Mafarin wannan babban rashi kuwa taya ce.

Idan taya ta fashe jirgi yana gudu a kan titi, matuƙi ba shi da lokacin dogon tunani. Saboda haka, tun kafin a motsa, ana lissafa wani mataki na gudu da matuƙa ke kira V1, bisa nauyin jirgin da tsawon titi da yanayin ranar. Kafin a kai wannan mataki ana iya taka birki a fasa tafiya. Bayan an wuce shi, sauran titin ba zai isa a tsaya ba, sai a tashi, a kewayo, a sauka. Ga kuma wata wahala: tayar da ta fashe tana rage ƙarfin birkin da za a dogara da shi. Shi ya sa ake koya wa matuƙa cewa in gudu ya yi nisa, sau da yawa tashi ya fi tsayawa aminci.

A Jidda, taya ɗaya ta ƙafar hagu ta fashe tun a farkon gudu, ta kusa da ita ta bi ta. Ƙarfen ƙafar ya yi ta gogar titi har wuta ta kama. Matuƙan sun ji ƙara, har sun yi maganar ko taya ce ta fashe, kamar yadda na'urar naɗar magana ta nuna daga baya, amma suka ci gaba. Da suka ɗaga, suka naɗe ƙafafun jirgin kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wutar cikin jikin jirgin ba su sani ba, a wurin da babu na'urar da za ta gargaɗe su. Wutar ta cinye wayoyi da bututun da ake sarrafa jirgin da su, ta ƙone daɓen da fasinjoji ke zaune a kai.

Abu ne mai sauƙi mu ce da sun tsaya, ko da sun bar ƙafafun a waje, da an tsira. Mai yiwuwa haka ne, kuma ba mu wanke su sarai ba. Amma tsohuwar koyarwa a kan alhaki ta nuna mana cewa nauyin laifin mutum yana bin gwargwadon abin da ya sani, da 'yancin da yake da shi lokacin da ya zaɓa. Matuƙan suna da daƙiƙoƙi kaɗan, ba sa ganin ƙafafun jirgin daga inda suke zaune, kuma ba wanda ya gaya musu abin da mutanen ƙasa suka sani.

Me aka sani a ƙasa? Bincike ya nuna cewa tun ranar 7 ga wata makanikai sun ga iskar tayoyi biyu ta gaza ƙa'ida. Taya mai ƙarancin iska tana jibga nauyinta a kan 'yar'uwarta, ga jirgi cike maƙil, ga zafin Jidda. A safiyar tafiyar babban makanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayoyin jirgi, ba a samu nan kusa ba. Jami'in da ke kula da aikin jigilar, wanda bai da ilimin gyaran jirgi, bai yarda a ƙara jinkiri ba. An kuma gano cewa an sauya alƙaluman iskar tayoyin a takardar aiki don su yi daidai. Matuƙa sun sami daƙiƙoƙi, waɗannan kuwa sun sami kwana huɗu.

A nan ne ya kamata mu dakata, domin mutanen nan ba mugaye ba ne irin na tatsuniya. Jami'in da babban makaniken duka suna cikin jirgin, sun mutu tare da alhazan. Wanda ya san yana aika mutane ga halaka ba ya bin su a baya. Abin da ya faru shi ne, jirgin ya riga ya tashi ya sauka lafiya da tayoyin nan, kuma kowace sauka lafiya tana ƙara kwantar da lamiri, har abin da ke haɗari ya koma abin yau da kullum. Lamirin da aka yi ta lallashinsa yakan yi shiru, mai shi kuma ya ɗauka shirun nan izini ne. Rashin mugun nufi yana rage laifi, amma ba ya shafe shi, tun da akwai ƙa'ida a rubuce, an san ta, aka zaɓi a tsallake.

A ganinmu, alƙaluman ƙaryar nan sun fi kome nauyi. Mai sakaci ya bar aikinsa ne kawai. Mai rubuta ƙarya kuwa ya ƙwace wa na gaba da shi damar yin nasa aikin. Da matuƙin ya san tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, wataƙila ba zai tashi ba sam. Ko da ya tashi, ƙarar farko za ta faɗa a kunnen da ke jiran ta.

Mukan ce ƙaddara ce, kuma a zaman makoki wannan kalma tana da muhallinta, tana sanyaya zuciyar maraya da gwauruwa. Amma bai dace ta fito daga bakin wanda aka ba ma'aunin iska ya riƙe ba. Kada kuma mu ɗauka maganar ta masu jirgin sama ce kaɗai. Sau nawa a tashar mota muke ganin taya ta suɗe har zare ya fito, mu shiga mu zauna, in direba ya tsaya wurin mai faci kuma mu ne na farko wajen yi masa tsawa cewa yana ɓata mana lokaci? Jami'in nan na Jidda ma yana da masu jiransa da masu matsa masa.

Kamfanin Nationair ya rufe a 1993, shekara biyu bayan hatsarin. Iyalan alhazan da suka fita tarbar su a Sakkwato ran nan sun koma gida ba tare da kowa ba.