Hakkin Dabba A Kan Wanda Ya Tsare Ta: Darasi Daga Notilus



'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda mutane suka ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa ana shiga wuta a kanta, watau tsare abu mai rai a gida don sha'awa. Za mu kafa misali da wata halitta ta teku da masana ke kira notilus, wadda waɗansu masu hali a ƙasashen waje ke nema don su ajiye a akwatunan gilashi na ruwa a ɗakunansu.

Shi notilus ya yi kama da dodon-koɗi, amma a cikin teku yake, a yammacin tekun Fasifik da gabashin tekun Indiya, wajen Filifin da Indunisiya da Fiji da arewacin Ostareliya. Katantanwarsa a naɗe take, an rarraba cikinta ɗaki-ɗaki, har su kai wajen 30 idan ya girma. Shi kansa a ɗakin ƙarshe yake zaune. Akwai wata siririyar jijiya da ta ratsa sauran ɗakunan, tana zuƙe ruwan da ke ciki, iska ta maye gurbinsa, ta haka ne yake tsayuwa a tsakiyar ruwa bai nutse ba, bai kuma taso sama ba. Yana da 'yan hannuwa wajen 90, idonsa kuwa ɗan rami ne kawai wanda ruwa ke shiga. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙaga shi!

Mazauninsa kuwa shi ne gangaren duwatsun murjani, daga zurfin mita 100 har zuwa wajen mita 700, inda duhu ne da sanyi. A wurare da yawa yakan hauro da dare neman abinci, in gari ya waye ya koma ƙasa. Idan zurfi ya kai wajen mita 800, nauyin ruwa zai fasa katantanwar. Idan kuma zafin ruwa ya wuce wajen digiri 25 a ma'aunin santigireti, ba ya iya jurewa. Watau an yi masa iyaka daga sama, an yi masa daga ƙasa, kuma rayuwarsa duka tana tsakanin iyakokin nan biyu.

To, mene ne hukuncin tsare irin wannan halitta? Mu fara da asali. Musulunci bai hana ajiye dabba ko tsuntsu a gida ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Umairu, ƙanen Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (S.A.W.) ya sani bai hana ba, har ma a wata ruwayar ya lallashi yaron sa'ad da tsuntsun ya mutu. Daga nan malamai suka ciro halaccin sa tsuntsu a keji. Amma su Buhari da Muslim ɗin dai su ne suka ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Idan aka haɗa hadisan nan biyu, sai a ga cewa halaccin tsarewa yana rataye da sharaɗi, shi ne iya sauke hakkin abin da aka tsare. Haka ma a Muhtasar na Shaihu Halil an wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in kuwa ya kasa, a sayar da ita.

Sai mu auna notilus da wannan ma'auni. Mai son ajiye shi dole ya tanadi ruwan gishiri mai tsabta, da injin sanyaya ruwan dare da rana, da akwati mai zurfi a wuri mai duhu. Ko an yi duk wannan, ba a ba shi zurfin da ya saba hawa da sauka a ciki ba. Manyan gidajen nuna halittun ruwa, masu ƙwararrun ma'aikata da likitoci, sun daɗe suna fama da shi. Sau da yawa wanda aka tsare sai baƙin zane ya fito a sabon ɓangaren katantanwarsa, ko ya kasa nutsewa ya riƙa yawo a saman ruwa, ko ciwo ya kama shi. A teku yakan kai shekara 20 ko fiye, amma a tsare da wuya ya yi kusa da haka. An taɓa ƙyanƙyashe ƙwansa a gidan kifaye na Waikiki da ke Hawai a 1990, amma wannan aikin bincike ne na masana, bai zama kiwo na kasuwa ba. Saboda haka wanda ake sayarwa daga teku aka kamo shi. In masu ilimin abin suna shan wuya haka, ina ga mai gida wanda abin da ya mallaka sha'awa ce da kuɗi?

Sa'an nan akwai wani hakki wanda ya wuce na ɗaya tilo da ke cikin akwati. Notilus ba ya balaga sai ya haura shekara 10, ƙwansa kaɗan ne, kuma ƙwan yakan yi wajen shekara guda kafin ya ƙyanƙyashe. Masunta na kama shi da tarkon keji mai nama a ciki, galibi don a sayar da katantanwar a yi ado da ita. A mashigin Tanyon na Filifin an kama shi har ya yi ƙaranci ƙwarai. Wannan ya sa a 2016, a taron Johannasbag, ƙasashen yarjejeniyar CITES suka sa cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin izini, Amurka kuma ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazana a 2018. Allah Ta'ala Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, Ya kuma yi gargaɗi a Suratur Rum, aya ta 41, a kan ɓarnar da hannun mutane ke jawowa a tudu da teku. Gaskiya ne dabbobin teku halal ne a mazhabar Malikiyya, amma halaccin ci don buƙata bai zama izinin ƙarar da al'umma guda don ƙawata falo ba.

Wani zai ce ai akwai bambanci tsakanin masana da 'yan sha'awa. Lalle akwai. Wanda ya tsare kaɗan don neman ilimin da zai kare sauran, yana da hujjar da zai gabatar. Wanda ya saya don baƙi su gani su yaba, bayan ya san ba zai iya riƙe shi ba, ya ɗora wa kansa amanar da ba wanda ya tilasta masa. Kuma kada ya ce in ya gaji zai mayar da shi teku, domin wanda ya raba shi da zurfinsa ba shi da ikon mayar da shi yadda yake. Magani tun farko ne: kada a saya, da ransa ko katantanwarsa, domin mai saye shi ne ke tura mai tarko.

Wannan ma'auni kuwa bai tsaya ga notilus ba. Mai aku a keji, da mai kanari, da mai tantabaru, da mai kifayen ado a gilashi, kowa ya tambayi kansa kafin ya saya: na san abincinsa? Na san zafi ko sanyin da yake so? In na yi tafiya, wa zai kula da shi? In amsa ta gagara, barinsa inda Allah Ya ajiye shi ya fi aminci ga mutum ranar da za a tambaye shi.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙan halittunSa, Ya ji ƙanmu.