Ko Sadaka Kaɗai Ta Isa?

Ya ɗan'uwana mai karatu, kai da ka soma bin tafarkin Almasihu, ko kuwa kana tambayar hanya tukuna, ga magana da ta kamata ka auna. A kasuwar Augie, ko ta Argungu, ko ta Birnin Kebbi, kakan ga makaho da ɗan jagoransa, da gurgu, da mai taɓin hankali wanda yara ke jifa. In ka jefa masa kwabo ka wuce, ka sauke nauyin da ke wuyanka ke nan?

Sadaka abu mai kyau ce, kada ka daina. Kakanninmu ma ba su yar da naƙasassu ba, gama a manyan garuruwan Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, masu tsaya wa jama'arsu. Amma sadaka yunwar yini ɗaya take kashewa, gobe mutumin yana nan inda ka bar shi.

Abin da ke tsayar da mu a kan kwabo shi ne zaton da muke yi, wai alhaki ne ya kama shi, ko sammu, ko iska. A Bishara ta Yohanna, sura 9, almajirai sun yi irin wannan zato a kan wanda aka haifa makaho. Yesu ya ƙi ɗora laifi a kansa ko a kan iyayensa, ya buɗe masa idanu. Wanda ya bar neman mai laifi, shi ke samun zarafin neman magani.

Magani kuwa akwai shi. Tun kafin 1940 ake jiyyar kutare a Amanawa, kusa da Sakkwato. Yau kuturta tana warkewa da ƙwayoyi cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu. Masu taɓin hankali suna da asibitin gwamnatin tarayya a Kware. A 1954, a Aro ta Abeokuta, Likita Thomas Adeoye Lambo ya saukar da irin waɗannan marasa lafiya a gidajen ƙauye, kowa da ɗan'uwa mai lura da shi, suna zuwa asibiti da rana. Aka ga zama cikin mutane yana taimakon magani. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye tsohuwar ta 1958, ta kuma tsare mutuncinsu.

Amma daga Augie zuwa Kware tafiya ce, doka kuwa ba ta da ƙafa. Nan aikinka yake. Na fari, in an ɗaure maƙwabcinka da mari a ɗaki, ka je wurin mai gidan da ladabi, ku haɗa kuɗin mota, ka raka su asibiti. Na biyu, sa'ad da ya komo, ka lura yana shan maganinsa, gama wanda ya yanke shi ciwo yakan dawo masa. Na uku, ka ba shi aiki gwargwadon ƙarfinsa: makaho yana tufka igiya, gurgu yana ɗinkin komar masunta, wanda ya samu sauƙi yana yankan shinkafa a fadama. Ka ci tuwo da shi a akushi ɗaya, ko Kirista ne ko Musulmi.

Lalle wannan ya fi kwabo wuya, yana cin lokaci da haƙuri. Amma shi ma cikin surar Allah aka halicce shi, kamar kai. Ka soma da sanin sunansa, ka kira shi da shi. Ubangiji ya ba ka ƙarfin cika sauran.