WA ZAI JUYA MARAS LAFIYA? MAGANA A KAN GYAMBON KWANCIYA



A cikin Bisharar Yahaya, sura ta 5, an ba mu labarin mutumin nan da ya shekara 38 da rashin lafiya, yana kwance a bakin tafkin Betasda a Urushalima. Sa'ad da Ubangiji ya tambaye shi ko yana so ya warke, abin da ya kai kuka a kansa shi ne rashin mutumin da zai ɗaga shi ya sa shi cikin ruwa. Tafkin yana nan kusa da shi, amma babu hannun da zai motsa shi. Irin wannan kuka yana nan har wa yau a ɗakunan asibiti da ɗakunan gidajenmu, sai dai yawancin masu yin sa ba su da bakin faɗa.

Muna nufin tsoho ko tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da saurayin da ya faɗi a kan babur lakarsa ta taɓu, da wanda ya karye a kwatangwalo, da wanda ya daɗe a sume. Akan kai su Babban Asibitin Kazaure, in abin ya yi tsanani a wuce da su Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita yana fama da ciwon da ya kawo su, dangi suna fama da kuɗin magani, wani ciwo kuma dabam yana cin su ta ƙarƙashi, wato gyambon kwanciya.

Ga yadda yake samuwa. Allah ya halicce mu da motsi ko a cikin barci. Mai lafiya yakan juya sau da yawa kafin gari ya waye, bai ma sani ba. Wanda ba ya iya juyawa kuwa, nauyin jikinsa yana danne fata da tsoka tsakanin ƙashi da katifa, ƙananan hanyoyin jini su toshe, naman wurin ya fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Wuraren da ya fi kamawa su ne inda ƙashi ya taso: gindin baya, da diddige, da kwatangwalo, da idon sawu, da gwiwar hannu, da allon kafaɗa, da ƙeya. Danshin fitsari, da bayan gida, da gumin watannin bazara suna laushe fata, jan mutum a kan zanen gado yana sale ta, rashin abinci mai gina jiki yana hana ta farfaɗowa. Masana sun kasa shi mataki huɗu, daga canjin launin fata har zuwa ramin da ya kai ga ƙashi. In ya kai can, ƙwayoyin cuta suna iya shiga jini, mutum ya rasu, alhali ciwon farko bai isa ya kashe shi ba.

Kada wani ya ce wannan aikin maƙiya ne, ko sammu. Kada kuma mu ce ƙaddara ce mu naɗe hannu, gama yawancin irin wannan gyambo ana iya hana shi. A shekarar 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, a lokacin da irin waɗannan majinyata sukan mutu da wuri saboda gyambo da ciwon mafitsara. Ya kafa doka a juya kowane majinyaci bayan sa'a biyu, dare da rana, mutanen da aka fid da tsammani a kansu suka rayu. Hannu da agogo ne suka yi wannan aiki, kuma muna da su.

Saboda haka muna roƙon 'ya'yanmu ma'aikatan jinya, da abokan aikinsu Musulmi waɗanda suke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi a Jihar Jigawa, su dubi waɗansu canje-canje. Mun sani sarai ma'aikata kaɗan ne, nas ɗaya takan kwana da ɗaki cike da majinyata, don haka ba zargi muke yi ba. Abu na fari, a duba fatar kowane majinyaci tun ranar da aka ba shi gado, a rubuta abin da aka gani. Akwai ma'aunin da Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar a Amurka a 1987, mai duba abubuwa shida: jin jiki, da danshi, da yawan kai da kawowa, da iya juyawa, da cin abinci, da gogar fata. Makinsa daga 6 ne zuwa 23, wanda ya sami 18 ko ƙasa da haka yana cikin haɗari. Takarda guda ce, ba ta cin minti biyar.

A nan akwai abin da muke so a lura da shi ƙwarai. Littattafan koyon jinya da dama sun ce alamar farko ita ce fata ta yi ja, amma da farar fata aka rubuta su. A jikinmu jan ba ya fitowa sosai. Abin da za a nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sheƙi, ko ya fi zafi, ko ya yi tauri ko laushi in an taɓa. Sai an sa hannu, sai kuma da haske, ko da tocilan ce ta waya. Wanda ya tsaya jiran ja, gyambo zai riga shi.

Sa'an nan a liƙa takardar juyi a kan kowane gado, a rubuta lokaci da ɓangaren da aka kwantar da mutum, mai karɓar aiki kuma ya duba ta. Sa'a biyu ita ce ƙa'idar da aka saba. Mai katifar soso mai kyau ma'aikata suna iya ƙara masa lokaci gwargwadon halin fatarsa. Kada a kwantar da shi tsaye a kan kwatangwalo. A karkata shi kaɗan, a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa domin diddige ya rataya bai taɓa katifa ba. Mutum biyu su ɗaga shi da zane, kada a ja shi. Kada a bar shi a kan tsurar leda, kada a bar ƙulli ko ɓarɓashin abinci a shimfiɗa. Tsohuwar al'adar murza wurin da ya canza launi, da shafa sifirit, da zaunar da mutum a kan zoben roba, an gano tana ƙara ɓarna, a bar ta. A wanke da ruwa mai ɗumi, a tsane a hankali, a shafa mai kamar basilin inda danshi yake taɓawa. A kuma duba ƙarƙashin robar iska, da robar fitsari, da bakin filasta.

Yanzu mu juyo kan kanmu. A asibitocinmu mai jinya, wato ɗan'uwan da yake kwana a gindin gado, shi ne rabin aikin. Sau da yawa mace ce guda, ta yi mako uku ba barci, ga kunya ta hana ta buɗe bayan surukinta ta duba. Kunya abu ne mai kyau a wurinmu, amma a nan sai a nemo namiji ya duba namiji, mace ta duba mace. Ma'aikata su ɗauki minti goma su koya wa mai jinya juyi da hannunsu, kafin kuma a sallami majinyaci su sake koya masa, gama a gida, a kan tabarma ko gadon kara, abin ya fi saurin kamawa. Kunu kaɗai ba ya riƙe fata: a ba shi wake, da ƙwai, da nono, da kifi, da gyaɗa, da ruwa isasshe, sai fa in likita ya hana.

Ikilisiya ta naɗa Waliyyi Kamilus na Lellis, wanda ya rasu a Roma a 1614, majiɓincin marasa lafiya da ma'aikatan jinya. Shi kansa ya rayu da gyambo a ƙafa wanda bai taɓa warkewa ba, duk da haka yana gyara shimfiɗar majinyata da hannunsa. Ku tuna kuma shanyayyen nan na Bisharar Markus, sura ta 2, mutum huɗu ne suka ɗauke shi, bangaskiyarsu ce Ubangiji ya gani. Mu da muke kai wa marasa lafiya Jibin Ubangiji da man shafewa, daga yanzu za mu riƙa tambaya yaushe aka juya su.

Muna roƙon kowane katikis ya rubuta sunayen duk waɗanda suke kwance a yankinsa, Kirista ko ba Kirista ba. Zumuntar Mata da matasa su tsara masu karɓar mai jinya, musamman daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da gajiya take kayar da kowa. Ranar 11 ga Fabrairu, Ranar Marasa Lafiya ta Duniya wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa a 1992, muna son kowace majami'a ta gayyaci nas guda bayan Misa ta nuna yadda ake juyi, kowa kuma ya zo da matashi ɗaya da zane mai tsabta domin a raba wa gidajen da suke da bukata.