Ƙafar Tebur ta Zinariya

'Yan'uwa, ko ya dace matalauci ya roƙi Allah wadata?

A ƙarni na fari akwai wani malamin Yahudawa a ƙasar Galili, sunansa Hanina ɗan Dosa. Ya yi suna wajen addu'a, amma matalauci ne ƙwarai. Littafinsu Talmud ya ce matarsa ta gaji da rashi, ta matsa masa ya yi roƙo. Sai aka miƙo masa ƙafar tebur ta zinariya. Daga baya aka nuna cikin mafarki, ga masu adalci a Sama suna ci bisa tebur mai ƙafa uku, nasu kuwa biyu kaɗai. Hanina ya sake roƙo, aka ɗauke ta.

Wannan ba Maganar Allah ba ce, labarin mutane ne. Ba mu kuwa ga laifin matar ba. Wanda ya taɓa ganin mace ta komo daga kasuwar Sabon Gari da kwano wofi ba zai yi saurin hukunta ta ba, gama Ubangiji kansa ya koya mana roƙon abincin yini.

Amma a taron addu'a a Samaru kullum shaidar abin da aka samu muke ji. Ba mu taɓa jin wanda ya roƙa a karɓe ribar da ta hana shi barci ba. Malaman Yahudawa kuwa sun ce al'ajibi na biyun ya fi na farin girma.