Matafiyi da Masaukinsa

A Turai da Amurka akwai wata irin mota da aka yi wa ɗaki a ciki, da gado da murhu da tankin ruwa. Mutum yakan shiga shi kaɗai ya yi ta ratsa ƙasashe, inda dare ya yi masa nan zai kwana. Ba ya neman masauki, ba ya roƙon kowa ruwa. Waɗansu suna cewa babu mai 'yanci kamarsa. Shin haka ne?

To, mu tuna da kakanninmu na ƙasar Zazzau. Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar Hajji daga Makarfi ko Kudan yakan ɗauki buzu da buta da sanda, ya bi ta Kano da Barno, ya ratsa Chadi da Sudan, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru. In guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi ƙodago a gonar wani. A zauren mutane yake kwana, tuwonsu yake ci.

Mai mota ya huta da kunyar roƙo, gaskiya ne. Amma wanda bai bukaci kowa ba, yaya zai san halin kowa? Ƙasa ya gani, bai ga mutanenta ba. Alhajin kuwa yakan komo da bashin alheri a wuyansa, ya yi ta biyansa ga kowane baƙo da ya yi sallama a ƙofarsa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka yi tafiya, ko da butarka cike take, tsaya ka nemi ruwa.